Jar Fitila a Kan Madacin Filato

Ku yaran yanzu, idan aka ce muku yankan icce sana'a ce sai ku yi dariya. Wai me ke ciki? A ja igiya mashin ya tashi, a kafa shi a gindin icce, icce ya faɗi, a kaɗe riga a tafi gida. Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya zo mini da wata ƴar fitila da ake ɗaurawa a goshi, wai caji ake yi mata kamar salula, yana cewa, "Kawu, da wannan ko a cikin duhu sai in kayar da gawo." Na ce ya samu wuri ya zauna. Mu da muka fara sa wa mashin fitila a garin Yamai, da fuskarmu muka biya kuɗin karatun.

Ni sunana Mamman, a Gamkalle aka haife ni. Garka na tashi ina ban ruwa, salati da kabeji da tumatir, har shekarar da damina ta ƙi, kogi ya ja baya ya bar mu da butoci a hannu muna kallon yashi. Lokacin soja ke mulki. Garkar babana ta bushe ƙurmus, shi ne ya kama hannuna, ina gardi mai shekara ashirin da ɗoriya, ya kai ni wurin amininsa Baba Hamani a Yantala. Baba Hamani Bazabarme ne, gajere, mai faɗin ƙirji, ya yi shekaru yana saran icce da gatari kafin ya samu mashin mai sarƙa a hannun wani Bature da zai koma gida. A duk unguwar shi kaɗai ke da irinsa. Mashin ɗin nan ke ciyar da gidansa, da na zo kuma ya zama shi ke ciyar da namu.

Wata uku na yi ban ja igiyar mashin ba. Aikina magagari. Sarƙar tana da haƙora, kowane haƙori sai ka bi shi sau uku, ba biyu ba, ba huɗu ba, kuma duk a karkace ɗaya. In ka fifita gefe guda, mashin zai riƙa yanka a gicciye, shi kuwa Baba daga garin iccen yake gane laifinka. Zai ɗebo a tafin hannu ya murza. In ya fito ɓaro-ɓaro kamar tsaki, ya yi shiru. In ya fito laushi kamar garin tuwo, sai ya ce, "Mamman, tuwo za ka tuƙa mana?" Daga magagari na koma haɗa esansi, wato fetur, da mai, daga nan wankin buji, fulogin da ke ba da wuta, daga nan ɗaurin igiya. Ya koya mini kafin a taɓa icce a buga shi da ƙeyar gatari a saurara. Mai lafiya amsawa yake a dunƙule, mai kogo kuwa kamar ganga.

Shekarar nan kowa kuka yake, mu kuwa, Allah ya gafarta mana, aiki ne ya yi mana yawa. Manyan itatuwan madaci da aka jera a titunan Filato tun zamanin Turawa suka fara mutuwa a tsaye. Iccen da ya mutu a tsaye ba ya sallama ran da zai faɗi. Ma'aikatan gandun daji suka ba Baba takardar izini mai ɗauke da hotonsa, amma da sharaɗi: Filato unguwar biro-biro ce, wato ofisoshin gwamnati, ba a yarda a tare hanya ko a dami ma'aikata da ƙara ba. A zamanin nan ma'aikaci bai isa ya makara ba, kowa tsoro yake kada a iske kujerarsa ba kowa. Saboda haka dole mu fara tun kafin asuba, mu gama, mu share gudro, wato kwaltar titi, kafin a busa ƙahon ɗaga tuta da ƙarfe bakwai.

Ana cikin haka na gane Baba ba ya gani in rana ta faɗi. Wata rana bayan magariba muna dawowa, ya tafi kai tsaye ya rungumi amalankenmu da ke tsakiyar hanya, ya kuma ce mata, "Gafara dai." Na ce, "Baba, ko dundumi ne?" Ya ce, "Dundumin gidanku. Tunani nake yi." Amma daga ranar, duk aikin duhu ni ke riƙe mashin, shi yana ƙasa riƙe da igiya yana ba da umarni da kunne, don daga kukan mashin yake sanin inda na kai.

Matsalar ita ce haske. Mashin hannu biyu yake ci, ba ka da na ukun da za ka riƙe tocila. Na ɗaura tocila a ka da roba, wuyana ya ƙage, pil, batirin tocilar, kuma ya yi tsada har ana dafa tsoho a rana don a ƙara matsa shi. Na ɗaura ta a jikin mashin, girgiza ta tsinke zaren ampul, ƙwan fitilar, kafin in yanka reshe ɗaya. Muka gwada fitilar ƙwai a rataye, iskar mashin ta hure ta, ga kuma esansi a kusa. Ranar Baba ya ce in ina son in ƙone kaina, in bari sai ya koma gida.

Wanda ya fid da mu Iliya ne, wani Kirista mutumin Maraɗi da ke gyaran mobilet, ƙananan baburan nan, a bakin kasuwar Yantala. Iliya irin mutanen nan ne da in suka ga inji sai hannunsu ya fara ƙaiƙayi. Ya juya mashin, ya juya, ya ce, "Wanga abu ai mobilet ne da ba ya da taya. In mobilet na ba kanta wuta, mi zai hana shi?" Da farko dinamon keke ya ɗaura, kan dinamon yana gogar faifan da ke juyawa. Na ja igiya, fitila ta kama, muka yi sowa. Na ba shi wuta, ampul ya yi fau, ya mutu. Keke ƙafar mutum ke juya shi, shi kuwa wannan faifan gudunsa ya fi ƙarfin lissafi. Ampul biyar muka binne a ranar.

Sati biyu Iliya yana fama. A ƙarshe ya ciro bobin, naɗin wayar da ke ba da wuta, daga wata matacciyar mobilet, ya sassaƙe shi ya zauna kusa da faifan mashin, ya ɗaura fitilar gaban mobilet ɗin a kan mariƙi, ya yi mata matashi da tsohuwar robar taya ninki huɗu don girgiza. Sai kuma ya ƙara wata ƴar jar fitila, ta bayan mobilet, a gefe. Na ce, "Iliya, ita kuma wannan fa? Wa zai biyo ni a baya a kan icce?" Ya ce, "Bar ta nan. Wutar ta yi wa ampul guda yawa, sai sun raba. Ka cire ɗaya, ɗayar ta ƙone. Kada ka manta." Abin ya yi. In mashin na huci a hankali, fitila ta yi ja-ja kamar garwashi. In ka ba shi wuta, ta haske harshen mashin tun daga tushe har baki. In mashin ya mutu, kai da duhu. Baba ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, yanzu saura ka sa masa oda, ka riƙa ɗaukar fasinja."

Mun kayar da itatuwa da dama da wannan fitilar, har mutane suka fara ce mini Mamman Mobilet. Sannan aikin madacin gidan Madam Hannatu ya zo.

Madam Hannatu ma'aikaciyar jinya ce, ƴar Dogonduci, tana zaune a wani ƙaramin gidan ma'aikata a Filato. A ƙofar gidanta akwai wani madaci da mutum uku ba sa kewaye shi da hannu. Ya mutu tun bara, sai iskar farkon bazara ta tsaga shi, ya karkata, rabi a kan rufinta, rabi a kan hanya. Hanyar kuwa ita ke zuwa wani babban biro, sojoji ke gadinta. Shugaban masu gadin, wani sarjan dogo mai gashin baki, shi ya aika aka kira mu da la'asar. Bai ce mu zauna ba.

"Gobe da hantsi manyan baƙi za su bi ta nan," ya ce. "Ina son in zo da ƙarfe bakwai in iske kamar ba a taɓa shuka icce a wurin nan ba. In na iske ko reshe guda bisa gudro, takardarku da mashin ɗinku na gwamnati ne. Kun ji?"

"Mun ji, ranka ya daɗe," in ji Baba.

A wancan zamani in soja ya ce zai karɓe abu, ba a zuwa a tambayi ranar da za a maido. Baba ya buga iccen da ƙeyar gatari, ya amsa kamar ganga. Madam ta fito da farar rigarta ta aiki ta ce, "Baba, ku yi hankali fa. Tun da ruwa ya ƙafe a daji, zuma ta dawo cikin gari. Akwai su a kogon can sama, wajen da reshe ya rabu biyu." Baba ya yi murmushi irin na wanda ya riga ka sani. Ya ce, "Madam, ni a ƙauyenmu cirar zuma na tashi da ita. Zuma ba ta tashi a duhu. Kafin gari ya waye mun gama da ita." Gaskiya ya faɗa, haka suke yi a ƙauye. Abin da ni da shi duka muka manta shi ne, yanzu mu ba a duhu muke aiki ba.

Muka iso tun kafin kiran salla na fari. Na ɗaura igiya a ƙugu, na hau, Baba ya turo mini mashin da wata igiyar. Na fara da rassan da ke kan rufin Madam, ina yanka yana sassautawa a hankali har su sauka. Reshe uku sun tafi lafiya. Da na matsa kusa da inda ya rabu biyu, na kafa mashin, girgiza ta ratsa kogon nan, sai na ji wani kuka da ba na mashin ba. Kafin in ce me ke nan, hasken gabana ya cika da su. Fitilar nan tana daidai tsakanin hannuwana biyu, fuskata kuma tana bisa kanta. Wato na kunna musu fitila na ce ga ni.

Na farko a leɓe ya same ni. Na biyu a fatar ido. Daga nan na daina ƙirga.

"Kashe! Mamman, kashe mashin!" Baba ke ihu daga ƙasa.

Na kashe. Duhu ya rufe ni ruf. Ga ni a kan reshe tsayin gida mai bene, mashin mai nauyi a hannu, zuma na tafiya a wuyana da cikin rigata, ba na ganin ko tafin hannuna. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Baba ya ce, "Kada ka kaɗe su. Kada ka motsa. Ka yi kamar kai ma icce ne." Na zauna kamar icce. Da haske ya ɓace suka lafa, suka riƙa rarrafawa suna komawa kogonsu. Sai da aka yi kiran salla na fari sannan na lallaɓa na sauko.

Madam ta ja ni cikin zaurenta, ta rufe ƙofa, ta kunna fitila, ta riƙa cire mini ƙarin da ɗan hantsaki. Ta ba ni ƙwaya biyu, ta ce in na ji maƙogwarona na toshewa in faɗa mata nan take, asibiti za mu tafi, icce ya ci kansa. Maƙogwaro bai toshe ba, amma idon hagu ya rufe. In na koma da fitila, zuma. In na koma babu fitila, sarƙa ba ta san bambancin reshe da cinya ba. In muka jira gari ya waye, zuma ta tashi gaba ɗaya, ga kuma sarjan. Na dubi mashin a ƙasa, na ga kamar har an riga an ɗauke shi.

Sai Baba ya ce, "Mamman, fitila nawa ke jikin abin nan?"

"Biyu, Baba."

"To, ni dai ka sani, tun da ka riga ka sani, in dare ya yi ba na ganin komai. Ban ga icce ba, ban gan ka ba. Ɗigo biyu kawai nake gani a sama, fari da ja. Da abin ya faru, farin ya dushe, sun rufe shi. Jan kuwa yana nan tas har ka kashe. Ko ɗaya ba ta je wurinsa ba."

An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni madaci na hau, da ido biyu lafiyayyu, kuma mai dundumi ne ya gani daga ƙasa.

Na yi wuf zan kwance farin ampul, sai maganar Iliya ta faɗo mini: ka cire ɗaya, ɗayar ta ƙone. Na faɗa musu. Madam ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar jan maganin nan da ake shafa wa ciwo. Ta shafe gilashin fitilar, ta hura ya bushe, ta ƙara, sannan ta jiƙa bandeji da shi ta ninka ta ɗaure a kai. Ta ce, "Yau na yi wa mutum jinya, na yi wa mashin." Baba kuma ya sa aka samo busasshen kashin shanu da tsohon buhu, ya haɗa hayaƙi a cikin gwangwani, ya kwaɓa laka a bokitin Madam.

Na sake hawa, ido ɗaya, leɓe kamar na raƙumi. Na tura hayaƙi a bakin kogon, na jira, na toshe shi da buhu na shafe da laka. Na ja igiya. Haske ya fito ja, bai kai na dā ba, amma ina ganin harshen mashin da inda zai shiga. Na saurara. Ƴan tsirarun da ke waje suna yawonsu, ba wadda ta nufo ni. Na yanke gungumen da kogon ke ciki ta sama da ta ƙasa, muka saukar da shi da igiya biyu kamar mai jego, muka kai shi bayan gida muka rufe da buhuna. Sauran aikin na yi shi kamar mahaukaci. Uwar iccen ta kwanta daidai inda Baba ya nuna da ƙafa, tsakanin katanga da sandar lantarki.

Amma lokaci ya tafi. Gari ya waye tangaram, gudro cike da rassa, mu biyu ne da amalanke ɗaya. Ko mu goma ne ba za mu kwashe kafin ƙarfe bakwai ba.

A sana'armu akwai wata al'ada da Baba bai taɓa karyawa ba: gungume na mai aiki ne, ƙirare na mai tsinta. Ba ma sayar da ƙananan rassa, ko nawa aka taya. A shekarar nan mata da yawa sun gudo daga ƙauyukan arewa, suna zaune a bukkoki a gefen gari, kuma sun san kukan mashin ɗinmu kamar kiran salla. Tun ina sama na hange su tsaye daga nesa da igiyoyinsu da gammo, suna tsoron matsowa saboda sojoji. Baba ya tafi tsakiyar hanya ya ɗaga hannu ya yi musu magana da Zabarmanci. Ya ce yau ba ƙirare kaɗai ba, duk abin da mace za ta iya ɗauka nata ne, har gungume.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ina yanka suna ɗauka, kafin gunduwa ta gama birgima an ɗora ta a ka. Wata tsohuwa ta tsaya a kaina tana nuna mini da hannu daidai tsawon da take so, kamar ita ta ɗauke ni aiki. Waɗanda suka rasa icce suka kwashe ɓawo, wasu suka share garin iccen da tsintsiya suka ƙulle a zane don hura wuta. Da ƙahon tuta ya yi kuka, abin da ya rage a wurin kututture ne da mu.

Sarjan ya iso, ya taka hanyar daga sama har ƙasa, hannu a baya. Bai samu ko tsinke ba. Ya dawo ya tsaya a gabana, ya dube ni, ya dubi mashin da bandejinsa ja, na ga gashin bakinsa na rawa.

"Wa ya buge ka?"

"Zuma, ranka ya daɗe." Da ƙyar maganar ta fita.

"Shi kuma mashin, shi ma zumar ce?"

Dariyar da yake riƙewa ta ƙwace masa. Da ya gama, ya karɓi takarda ya duba hoto, ya dubi Baba. Ya ce, "Tsoho, takarda taka ce, amma wanga yaro na gani da mashin. Doka ta ce mai hoto shi ke yanka. Yau na yafe, don aikin ya yi kyau. Ku gyara abinku." Ya miƙa wa Baba takardar ya juya. Madam ta bi shi da saƙar zuma daga gungumen nan a kwano, bai ce a'a ba.

Kafin mu tafi, Madam ta zaunar da Baba a hasken rana, ta buɗe idonsa da yatsa ta duba. Ta daɗe. Ta ce, "Baba, dundumi akwai, kuma hanta da magani za su taimaka. Amma ba shi kaɗai ba ne. Yanar ido ce ta fara rufowa, a duka biyun." Baba ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin goro. Ya ce ya gode.

Na ɗauka gida za mu nufa, don ni ban san inda fuskata ta tsaya ba. Sai na ga ya karkata amalanke wajen kasuwa, ya tsaya a rumfar mai foto. Ya ce, "Shiga a ɗauke ka. Daga nan gandun daji za mu, a sauya suna."

Na ce, "Baba, dubi fuskata fa. A bari ko sati guda ne, ta sace."

"Kai ke da sati," ya ce. "Ni yau nake ganin layin da zan sa hannu."

Na shiga. Mai foto ya ce in buɗe ido, na ce iyakarsa ke nan. Ya ce to in rufe baki, na ce shi ma a rufe yake.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yawo da takardar nan. Duk jandarman da ya karɓa sai ya dubi hoto, ya dube ni, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Sau biyu ma'aikatan gandun daji suna cewa in kawo sabon hoto su canza mini kyauta. Ban kai ba. A ƙarƙashin wannan kumburarriyar fuskar akwai sa hannun Baba Hamani, a karkace, ya ɗan hau kan layi, kuma shi ne rubutu na ƙarshe da ya yi da idonsa.